Lasifikar Tsakiya

Sama da shekara 30 babu gidan sinima a Saudiyya. Sai a watan Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad, namu na Jidda kuma ya biyo baya a Janairun 2019, a Red Sea Mall. Kafin nan, duk Bahaushen da ke Karantina ko Kandara, falonsa ne sinimarsa. Kaset ɗin Kano a jakar alhazai yake zuwa, daga baya faifai, yanzu kuma YouTube.

Ni abin da ya sa na sayi lasifika shida, ba son burga ba ne. Kunnen Hajiyarmu ya yi nauyi. In ana kallon Labarina, sai ta riƙa cewa, "Me ya ce? Kai, me ta ce masa?" A ƙara murya, kiɗa ya cika ɗaki, maganar dai ba ta fito ba. Yaran kuma a nan aka haife su, Larabci ya fi zama a bakinsu. Karin magana in ba ta fita tar ba, wuce su take yi.

Tsarin da ake kira 5.1 ba shi da wuya a takarda: ɗaya a tsakiya, biyu a gaba dama da hagu, biyu a gefen mai kallo, sai babban akwatin nan mai gunji, wufa. Na gaba a karkace su digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, na gefe 90 zuwa 110, a ɗan ɗaga su sama da kunne. Amma wanda ya tsara wannan, kujera ya hango a tsakiyar ɗaki. Mu majalisa muke da ita irin ta nan, katifu da matasai jere da bango, kowa a ƙasa. Wanda ya jingina da bango, lasifikar gefe a bisa kansa take.

To, sai na fara da tambayar da ba ta cikin takarda: wa ake so ya ji? Na mayar da wurin Hajiya daidai saitin talabijin. Lasifikar tsakiya, wadda ita ke ɗauke da magana, na sauko da ita ƙasan allo, na jawo ta bakin kanta, na saita ta da kunnen mai zaman ƙasa. Na ƙara mata ƙarfi kaɗan, na rage na gefe, na maƙala su sama suna kallon tsakiyar ɗaki. Yawancin finafinanmu da hanya biyu kawai ake naɗar sautinsu, dama da hagu, don haka sai an kunna tsarin da ke cikin na'urar mai tattara magana ya kai ta tsakiya.

Gidajen Jidda siminti ne da tayil, sauti na dukan bango yana dawowa. Darduma mai kauri da labule sun yi abin da ƙara kuɗi ba zai yi ba. Mukayyif ɗin taga ma da nasa kukan, kuma a zafin garin nan ba mai kashe shi, sai dai a nisanta wurin tsohuwa da shi.

Wufa ita ce mai haɗa ka da maƙwabta. Gunjinta ta bango da daɓe yake bi, ƙofa ba ta tare shi. A kusurwa ƙaruwa yake yi. Na fitar da ita daga lungu, na ɗora ta kan soso, na rage ta. Baƙo a ƙasar mutane ba ya so mai gida ya san shi ta hanyar ƙorafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ne lokacinmu. Yanzu mai tambayar "me ya ce" ta canja: autata ce. Hajiya kan sa a tsayar da fim, ta juyo ta ce, "Zo nan, takwara, in faɗa miki abin da ake nufi da kara da kiyashi." Wani lokaci bayanin ya fi fim ɗin tsawo, har a kira magariba ba a ƙarasa ba.