Ɗan Jagoran Kaka

Kwamitin wannan littafi ya roƙe ni in rubuta wani abu da Hausa, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan rubuta. 'Yan ajina sun san halina. In na aiki yaro ya dubo abu, ya dawo ya ce mini "itace ne kawai," sai in mai da shi ya sake dubowa. Na san sunan da kuka laƙaba mini a kan wannan, ba na kuwa jin haushi. Bari in gaya muku inda na samo halin.

Kakata, wadda ta haifi babana, ta yi zamanta duka a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta iya karatun Hausa, gama a zamaninsu ba a yi wa mutum baftisma a ikkilisiyarmu sai ya koyi karatu tukuna. Tana da Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassara, wadda aka fara bugawa a 1932, ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Kowace asuba takan zauna a bakin ƙofa tana bin layi da yatsa, tana furta kalmomin ɗaya-ɗaya.

Sa'ad da nake aji biyu na firamare yana ta fara rufe mata idon hagu. Wata ranar kasuwa wani mutum ya zo da jakar fata, ya ce shi aikinsa cire yana. Ya sa mata wani siririn ƙarfe a ido. Ta yi kamar mako uku tana gani dishi-dishi, mutane na ta zuwa barka, daga nan sai ciwo da ruwa, idon ya mutu ɗungum. Ba a daɗe ba na dama ma ya fara. Kafin Kirsimetin 1989 ba ta iya rarrabe kome sai dare da rana. Ta ci gaba da ɓare gyaɗa da kankare citta, gama hannunta ya san aikinsa. Abin da ya dame ta shi ne karatu. Ni nake karanta mata da yamma, amma takan ce ina gudu kamar akuyar da aka koro daga gona, ba na barin maganar ta zauna.

Fastonmu ne ya kawo zancen asibitin ido da ke Kano, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1943, daga baya ya koma hannun ECWA. An daɗe ana jayayya a gida. Shekara uku ke nan da rikicin Maris na 1987, wanda ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa, tsoro bai gama fita daga zukatan mutane ba. Wasu dangi suka ce tsohuwa ta haƙura, ai ta ga duniya. Kaka ta bari suka gama, sa'an nan ta ce ita ba duniya take son gani ba, littafin Yahaya ne ta bari a tsakiya. Baba ya sayar da citta da awaki biyu, zumuntar mata suka tara abin da suka iya. Ruwa ya riga ya sauka, Baba ba zai bar gona ba, Mama kuma tana da jariri a hannu. Ƙanen babana yana aiki a wata masana'anta a Bompai, aka rubuta masa wasiƙa ya jira mu a tasha. Saura ɗan jagora. Ina da shekara 11, muna hutun Ista, sai ƙuri'a ta faɗa kaina.

Istar 1990 ta faɗo ran 15 ga Afrilu, muka tashi cikin makon da ya biyo. Da asuba fasto ya zo ya karanta Zabura 121, wadda aka saba karanta wa matafiya, ya ɗora mana hannu. A lokacin takardar naira 20 mai hoton Murtala ita ce babbar takardar kuɗi. Mama ta naɗe su ta ɗinke a cikin ɗan tofin Kaka, ni kuwa aka ba ni ambulan mai adireshin Baba Ƙarami, aka ce ko barci nake kada ya bar aljihuna.

Yawancinku jirgin da kuka sani shi ne na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Namu wani abu ne dabam. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda hanyar Fatakwal da ta Jos da ta Kaduna suka haɗu, garin ma kusan jirgi ne ya haife shi. Muka zauna a tasha tun hantsi har rana ta take kafin jirgin kudu ya iso, cike da buhunan gari da garwar manja da mutanen da suka kwana a ciki. Na ja Kaka da sanda har cikin tarago. Wani mutum mai farar riga da carbi a hannu ya janye kayansa ya ba mu gefen taga.

Da jirgi ya motsa sai Kaka ta dafa gwiwata ta ce, "Maigida, tikiti biyu aka biya, ido kuwa naka ne kaɗai ke aiki. Sai ka duba mini nawa rabon." Maigida take kirana, irin wasan jika da kaka.

Na duba waje na ce, "Daji ne, Kaka."

Ta ce, "Dajin ba shi da suna? Wane itace? Ya yi 'ya'ya ko bai yi ba? Ƙasar ja ce ko baƙa?"

Haka muka yi ta yi har Kaduna, tafiyar kusan kilomita 180. Da fari na gaji, na so ta bar ni in sha iska. Amma ba a jima ba na ga abin da take yi da maganata. In na ce ɗorawa ta yi 'ya'ya suna lilo, sai ta ce to, matan nan sun kusa shiga aikin kalwa da daddawa. In na ce ga mutane suna ƙona kara a gona, ba wanda ya riƙe garma, sai ta ce ruwa bai kai nan ba tukuna, mun riga su. Na ce ga shanu farare da yawa. Ta tambaya ina suka fuskanta, akwai kaya a bayan wasunsu? Na ce arewa, da ƙorai da tabarmi a ɗaure a kan bijimai, da ɗan maraƙi a kafaɗar wani yaro. Ta ce Fulani ne ke komawa gida, suna tafe gaban damina, ba su taɓa kuskuren lokaci. Ita da ba ta gani, ta fi ni sanin ƙasar da muke ratsawa. A Zonkwa masu talla suka rufe tagogi da mangwaro da dafaffen ƙwai, ta sa na ƙidaya mata yara nawa ne ba su da takalmi. Har yau ban san dalilin wannan tambaya ba.

Shekarar nan azumin Musulmi ya haɗu da Ista. Ban lura ba, amma Kaka ta ji mutumin da ke gabanmu bai kira mai talla ko ɗaya ba, bai kuma buɗe gorar ruwa ba duk da zafin Afrilu. Da na ce ina jin yunwa ta ba ni abinci, ta raɗa mini in juya wajen taga in ci. Ita kanta ba ta taɓa kome ba. Muka iso tashar Kaduna daidai faɗuwar rana. Da ta ji kiran salla sai ta kwance ƙunshin guzuri ta ce, "Malam, ga abin shan ruwa." Ta miƙa masa ƙwai da gyaɗa da mangwaro. Soyayyar kazar da Mama ta yi mana ba ta miƙa ba, ta san batun yanka, ba ta so ta sa shi cikin kunyar ƙi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Iya, Allah ya saka da alheri." Ya sauka ya yi salla a gefen tasha, ya dawo mana da kunu da ƙosai mai zafi da dabino. Ashe fataucin manja yake yi tsakanin Aba da Kano.

Jirgin ya daɗe a Kaduna. Cikin duhu muka haye gadar kogi, ban iya gaya wa Kaka kome ba sai ƙarar ƙarfe da fitilu a kan ruwa, ƙarar kuwa ta riga ni jinta. Da dare ya yi tsakiya fitilar tarago ta mutu, tsoro ya kama ni ƙwarai. Na tuna labaran da manya suke yi a gida, na tuna kuɗin da ke jikin Kaka, na kuma tuna ni ne aka ba amana. Na ce mata, "Kaka, yanzu ni ma ba na ganin kome." Ta yi dariya ƙasa-ƙasa ta ce, "To, ka zo unguwarmu. Matso, ni na san hanya a nan." Ta jawo kaina bisa cinyarta, ta yi addu'a da harshenmu, ta shiga rera waƙoƙin sujada a hankali har barci ya ɗauke ni.

Gari ya waye mana bayan mun wuce Zariya. Duwatsu sun ɓace, ƙasa ta miƙe shimfiɗe, ga gidajen soro da jakuna da rijiyoyi. Itatuwan ma ban san sunansu ba, sai Malam ya shigo cikin aikin. Ni in kwatanta, shi ya ba da suna: mai ƙaton gindi ba ganye, kuka, dogo mai saiwa kamar bango, rimi. Na ce ga wani kore shar a tsakiyar busasshiyar gona. Ya ce gawo ke nan, yakan riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero kan yi kyau a ƙarƙashinsa. Kaka ta ce lalle Allah yana da ma'aikatan da ya ba aikin dare.

Mun isa Kano da hantsi, ba Baba Ƙarami ba alamarsa. Ya jira mu jiya har dare, da safe dole ya tafi aiki, waya kuwa babu. Na tsaya a cikin taron nan da sanda a hannu ɗaya, ambulan a ɗaya. Malam ya bar manjansa wajen wani ɗan dako da ya sani, ya karɓi ambulan ya ba ni in karanta masa, ya tare mana tasi har ƙofar gidan a Sabon Gari. Kaka ta fara laluben kuɗi, ya ce, "Haba Iya, ai kin riga kin biya jiya." Bai shiga gidan ba. Ban sake ganinsa ba.

A asibitin na ga ba ni kaɗai ba ne ɗan jagora. Layi ne dogo, kowane tsoho da yaronsa da sanda a tsakani, wasu daga Nijar, wasu daga Chadi. Ana fara aiki da addu'a da safe. Likita ya haska idon Kaka ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama za a iya yi masa aiki.

A nan ina so ɗalibai su riƙe wani abu su kai gida. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi wadda haske ke bi. Yana ita ce dusashewar wannan ƙwaya, yawanci saboda tsufa. Mai jakar fata ba ya cire ta, tura ta yake yi ta faɗa can cikin ido, daga nan ne kumburi da ciwo ke tasowa. A asibiti kuwa fitar da ita ake yi. A zamanin Kaka in an cire sai a ba mutum tabarau mai kauri ya maye gurbinta. Yanzu wata 'yar ƙwaya ta roba ake sa wa a cikin idon, aikin kuma ba ya daɗewa. In kuna da tsoho a gida da idonsa ya yi fari, kada ku bari a kai shi kasuwa.

Ranar da aka kwance bandeji aka ɗora mata tabarau mai kaurin gindin kwalba, ina tsaye a gabanta, Baba Ƙarami na bayana yana rawar jiki. Ta daɗe tana dubana, idon ya yi girma a bayan gilashin kamar na mujiya. Sai ta ce, "Maigida, ashe ka yi tsawo haka? Kunnuwan kakanka ka kwaso duka." Baba Ƙarami ya fita waje da sauri, ya ce wai ƙura ce ta shiga masa ido. Da yamma ta sa aka ciro littafinta daga cikin kaya. Likita ya hana ta karatu sai idon ya warke, don haka ta buɗe inda ta sa tsinke tun shekarun baya, ta duba baƙaƙen kawai, ta rufe. Ta gama Yahaya kafin kaka, ta kuma yi shekara tara tana karatu da idon nan guda kafin Ubangiji ya kira ta a 1999.

Ranar komawa jirgin ya tashi daga Kano da safe. Kaka ta ƙi sanda, ta riga ni zama a gefen taga. Da muka kai gadar Challawa ta ce, "Jiya kai ka yi aiki. Yau rufe idonka, ni zan gaya maka." Na rufe. Ta ce ga yashi fari, ruwa kaɗan a gefe ɗaya, mata uku suna wanki, ɗayarsu sabuwar amarya ce, gama lallenta bai goge ba. Ta ce ga wani tsoho a kan jaki, jakin na ɗingishi da ƙafar baya, tsohon bai sani ba. Ta ce ga gawon Malam, ganyensa ya fara zuba, ruwa ya kusa ke nan. Ta ce ga hadari can kudu, wajen gidanmu, in babanka bai gama shuka masara ba yau zai jiƙe. Tana cikin ƙidaya mini balbelun da ke bin wani garke barci ya sace ni, ban farka ba sai Zariya.