Cire wa yaro famfas da dare: kuskuren da na yi

'Yar'uwa, idan ɗanki ya iya hawa fo da rana amma har yanzu kina ɗaura masa famfas da dare, saurari abin da ya faru da ni kafin ki yi gaggawar cirewa.

Ɗana yana shekara biyu da rabi ya daina ɓata wando da rana. A shekarar ce, 2023, cuta ta cinye gonakin citta a nan Kagarko da Kaciya da Jaba, har da gonar maigidana. Kuɗin famfas ya gagare mu. Surukata kuma ta ce, "Mu da muka raine su, wa ya san famfas? Cire masa, zai saba." Sai na cire, ana tsakiyar hunturu.

Mako biyu kullum ina wankin zannuwa ina shanya katifa. Wata asuba haushi ya kwashe ni, na ɗaka masa duka. Washegari da dare na ga yana ta murza ido, ya ƙi kwanciya, wai kada fitsari ya zo. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fahimtar da ni. Da rana yaro yana farke, ana iya koya masa. Da dare kuwa sai jikinsa ya fara samar da isasshen sinadarin da ke rage yawan fitsari lokacin barci, kuma ƙwaƙwalwarsa ta iya tashinsa idan mafitsara ta cika. Duka ba ya kawo wannan, haka ma waƙar amalala. Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin yaro ya kai shekara 5, kuma sau da yawa gado ne. Da na tambayi surukata, dariya ta yi, ta ce uban ma sai da ya shiga firamare ya daina.

Na mayar masa da famfas na jira. Alamar da za ki duba ita ce ya riƙa tashi da shi a bushe kamar mako guda a jere. Namu ya kai haka da bazara, ya haura shekara uku. Na shimfiɗa leda ƙarƙashin zani, na ajiye fo da tocila kusa da gado. Ina ba shi ruwa sosai da rana, na rage kunu da shayi bayan magariba, kuma sai ya yi fitsari zai kwanta. Ranar da ya jiƙa shimfiɗa, na canja, ban ce masa komai ba.

Amma ki kai yaro asibiti idan ya yi wata shida ba ya yi sannan ya dawo da shi, ko yana kuka lokacin fitsari, ko kin ga jini, ko ƙishirwa ta yi masa yawa yana ramewa. Masu sikila da masu fama da taurin bayan gida su ma sukan daɗe suna yi.

Idan kuɗin famfas ne matsalar, nafkin na tawul da wandon leda sun isa. Da na san haka tun farko, da ban taɓa yarona ba. Allah ya raya mana su.