Wata Goma Sha Huɗu Ba Aski

Har na kai shekara ashirin da bakwai ban san irin gashin da Allah ya ba ni ba. A gidanmu duk bayan mako biyu, ranar Juma'a da hantsi, wanzami zai zo ya zauna a zaure, ya wasa askarsa a jikin fata, mu jeru kamar masu jiran allura. Tal-kwabo ake yi wa kowa. Da na girma na koma shagon aski, amma maganar ba ta sauya ba: a kwashe duka. Abin da na sani game da kaina shi ne fatarsa, da tabon da jifa ya bar min a ƙeya tun ina aji uku.

Kullen korona ne ya ɓata wannan tsari. A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano, azumi ya shigo ya fita, sallah ta zo ba askin sallah. Wajen mako na bakwai na tsaya gaban madubi na ga abin da ban gane ba. Gashin ƙannena, waɗanda muke uba ɗaya, in ya tofo dunƙulewa yake ya zauna daram. Nawa kuwa kwanciya ya fara yi, yana lanƙwasa kamar sawun maciji a kan yashi. Mahaifiyata Bafulatanar Adamawa ce, ta rasu ina ɗan shekara huɗu. Hotonta ɗaya ne a gidan, shi ma da kallabi. Sai a ranar na gane ashe akwai wani abu nata da nake yawo da shi, ana share shi duk mako biyu.

Aka buɗe gari, ban je aski ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai kyau. Gashin kai yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, ko sama da haka kaɗan. Wato a wata na huɗu ya wuce a ƙyale shi, bai kuma kai a ɗaure ba. Nawa watan ya faɗo a Agusta, tsakiyar damina. In na fito daga wanka zai kwanta luf, kafin in kai bakin titi ya tashi buzu-buzu kamar sheƙar da iska ta watsa. Abokaina suka sa min suna sabon kamu. Wani ya tambaye ni yaushe faifaina zai fito. A masallacin layinmu na lura wani dattijo yana kallona ta wutsiyar ido, irin kallon da ake yi wa yaron da ake zargin ya fara shaye-shaye. A garinmu namiji mai suma ba ya wuce ɗayan uku: mahaukaci, mawaƙi, ko ɗan iska. Hula ta rufa min asiri, sai dai takan danne saman, gefen ya fito ta ko'ina.

Ni kuma duk abin da bai kamata ba shi nake yi. Kullum sai na wanke shi da sabulun wanka, wani lokaci sau biyu. In dirje shi da tawul kamar mai goge tukunya. In ya bushe in sa masa ƙaramin mataji in ja da ƙarfi, ina jin yana tsinkewa. Da ya ƙi kwanciya sai in lafta basilin, ƙurar hanya ta bi ta manne. Amosani ya zo ya same ni a haka.

Na duba intanet, na tarar da Turawa masu suma har kafaɗa suna jera kwalabe bakwai-bakwai da ake saye da dala, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan hunturu a cikinsu. Abu ɗaya dai na ƙaru da shi, wato dalilin tashin. Kowane silin gashi yana da ɓawo-ɓawo a jikinsa irin na kifi, suna kwance kan juna. In sun kwanta sai gashi ya yi santsi da sheƙi. Sabulu mai kaifi da dirza su ke ɗaga su. Sannan maiƙon da fatar kai ke fitarwa, a miƙaƙƙen gashi yana gangarawa har ƙarshe cikin sauƙi, a mai lanƙwasa kuwa maƙalewa yake a hanya, bakin gashin ya bushe. Busasshen gashi mai buɗaɗɗen ɓawo in ya haɗu da danshin damina sai ya zuƙe shi, kowane sili ya kumbura ya kama gabansa. Ashe abin da nake kira taurin kai ƙishirwa ce.

Wadda ta gyara ni ba ta taɓa jin wannan bayani ba. Yafendo, ƙanwar mahaifiyata, tana aure a Hotoro. Na je gaishe ta, na cire hula zan yi alwala, sai na ji ta yi shiru a tsakiyar magana. Can ta ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na ce ni ne. Ta ce, "Zauna nan."

Ta zaunar da ni a tabarma a gabanta kamar yarinyar da za a yi wa kitso, 'ya'yanta mata suna leƙe suna ƙunshe dariya. Ta sa aka jiƙa karkashi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi. Wannan karkashin dai na miya. Da shi ta wanke min kai, kuma tun yana jiƙe da yauƙin ta fara warware shi da yatsu, daga baki tana hawowa zuwa tushe, ba daga tushe tana ja ƙasa ba kamar yadda nake yi. Sai da yatsu suka gama nasu ta kawo mataji mai manyan haƙora. Ta ɗauraye, ta laƙato man kaɗe bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta shafa a jikin gashin, ba a fatar kai ba. Ta ɗauko tsohon zanen auduga ta riƙa matsewa a hankali, ba dirza. Sannan ta buge min hannu da na kai zan taɓa. "Bar shi ya bushe da kansa. Gashi ba ya son hannu."

Da ya bushe na kalli madubinta na ga lanƙwasar ta fito sili-sili a haɗe, baƙi wuluk. Yafendo ta ce haka suke yi wa juna ita da yayarta, kuma nata har tsakiyar baya yake. Ta ce a can wajensu da, samari har kitso suke yi ba wanda ya ga abin magana. Na daɗe ina tunanin wannan. Mu maza abin da muka gada game da gashi shi ne yadda ake kawar da shi. Sanin yadda ake zama da shi yana cikin gida wajen mata, kuma wanda zai koya sai ya ajiye girman kai ya zauna a tabarma.

Na koma wanki sau ɗaya ko biyu a mako. Da hunturu ya shigo matsalar ta juya: ba danshi a iska ko kaɗan, gashin ya riƙa bushewa yana karyewa, hazo yana mayar da shi toka-toka. Na ƙara man kaɗe, na kuma lura shafar kai ta alwala sau biyar a rana tana yi masa amfani in ban goge ba. Zaren cikin hula yana cin sa, sai na sa tela ya yi mata shafi da yadi mai santsi. Da dare ina ɗaure kai, abin da ban taɓa gaya wa abokaina ba sai yau. Duk wata uku nakan je a rage bakin da ya tsage. Karon farko sai da na riƙe hannun mai askin, don har ya kunna inji.

Duk tsawon wannan lokaci Baba bai ce min uffan ba. Saƙo dai yakan zo ta bakin Umma, matarsa da ta raine ni, wai ko kuɗin aski ne babu. A watan Yunin 2021 maganar aurena ta taso, baffana ya ce shi ba zai shiga gidan mutane neman aure wa mai suma ba. Na shirya hujjojina tsaf, har da abin da malamai ke faɗa cewa gashin Manzon Allah (SAW) yakan kai kunnuwansa, wani lokaci har kafaɗa. Bayan isha'i na shiga ɗakin Baba na durƙusa.

Bai bari na fara ba. Ya ce, "Cire hular." Na cire. Ya daɗe yana kallo a hasken fitila, sannan ya ce, "Haka nata yake in ta wanke." Ban taɓa jin ya ambace ta ba sai a addu'a. Ya juyar da kai wajen bango ya ce, "Amma mutanen nan ba su san ta ba. Kai za su gani. Bayan biki ruwanka."

Washegari na je shagon aski. Ban yarda da tal-kwabo ba, na ce a bar min kamar faɗin yatsa biyu, wanda hula za ta haɗiye. Ina kallo yaron shagon ya share wata goma sha huɗu ya zuba a kwandon shara. Yafendo da ta gan ni cewa ta yi kawai, "Zai fito."

An yi biki, na sake sakinsa. Ina cikin mugun watan nan na huɗu, kaina buzu-buzu, amarya tana jiƙa min karkashi tana dariya, sai ga ƙanena ya shigo da wata 'yar kwalba a leda. Ya ce Baba ne ya ce a kawo min, man shanu ne, wajen mai kawo nono ya saya. Ni ba na son ƙarninsa a kai, man kaɗe ya fi min. Daren nan dai shi na shafa.