Ranar Da Na Yi Wa Farfesa Gyara

Jama'a, tun da gwamnatin Trump ta yi yunƙurin hana Jami'ar Harvard ɗaukar ɗalibai 'yan ƙasashen waje a watan Mayun 2025, kotu ta taka mata birki washegari, nake ta tuna makona na uku a Amurka, lokacin da na je digiri na biyu a fannin noma.

Farfesa yana bayani cewa bishiya a tsakiyar gona tana rage amfani saboda inuwa. Ni kuwa ɗan manomi ne, na san gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, gero kuma ya fi kyau a gindinsa. Gabana na faɗuwa na ɗaga hannu na faɗa. Wallahi na zaci na jawo wa kaina, domin a gida na taɓa yi wa wani malami irin wannan gyaran, sai da na maimaita kwas ɗinsa.

Mutumin nan sai ya ajiye alkalami ya ce in sake faɗa a hankali, zai rubuta. Bayan aji ya kira ni ofis, muka yi awa guda a kan gawo. Daga nan binciken digirina ya samo asali.

Abin da ke kai mutane can ke nan, ba dogayen gine-gine ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban Harvard baƙi ne, kowa da abin da ya zo da shi daga garinsu. Jelani Aliyu daga Sakkwato ya je karatu Detroit, ƙarshe shi ya zana motar Chevrolet Volt. Da an rufe masa ƙofa, wa ya yi asara?

Amma kafin mu zagi Trump, mu dubi kanmu. Yanzu ina koyarwa. Makon jiya wata ɗaliba ta ce lissafina a allo ba daidai ba ne. Ban ɓoye muku ba, raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan ce ta zauna. Sai na tuna gawo. Na duba, ita ke da gaskiya.

Malamai 'yan uwana, yaushe rabon da ɗalibi ya yi muku gyara ya kwana lafiya?

Allah ya sa mu gyara.