Gona a jingina, mai gona a Turabulus

Labarin wannan wata na wani magidanci ne na yankin Kanambakashe, cikin gundumar Mayahi. Ba za a faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa. Wanda bai san shi ba ya san irinsa.

Shekarunsa talatin da ƴan kai. Mace ɗaya, ɗiya huɗu. Gonar gidansu jigawa ce, kuma mahaifinsu ya raba ta ga maza biyar. A shekara mai kyau, hatsinsa yakan kai shi wata shida ko bakwai. Sauran watannin sai bida. Ya sha zuwa Kano da Katsina yana ga-ruwa, ya komo da faɗuwar damana.

Bayan girbin 2018 ya gamu da wani ɗan kamasho a kasuwar Tasawa. Mutumin ya nuna masa hotuna a salula: dogon gini, ma'aikata da hular kwano. Ya ce wani kamfanin kwangila a Libiya yana neman lebura da masu gadi. Akwai wurin kwana, akwai abinci. Albashin wata guda ya fi ga-ruwan rani guda. Abin da ya rage kuɗin mota da na kamasho.

Da dare ya sami mahaifinsa a zaure.

"Baba, ina son in tafi Libiya."

"Da wane kuɗi?"

"Gonar gabas. A ba da ita jingina. Shekara guda in fanso ta."

Tsohon ya daɗe bai ce komi ba. Can ya ce, "Wanda ya yi maka alkawarin aikin, ɗan gidan wa ne?"

Babu amsa.

"Takarda fa?"

"Ya ce sai an isa can, Baba."

Tsohon bai hana shi ba. Uban da ya leƙa rumbu ya ga gindinsa ba ya da bakin hana ɗa tafiya. Aka kira shaidu gaban maigari, wani ɗan kasuwa ya karɓi gonar.

Kada a ce wauta ce kawai. Libiya ta taɓa yi wa mutanenmu rana. A zamanin Gaddafi kuɗin man fetur ya jawo kamfanoni daga ko'ina, har da babban aikin jan ruwa daga ƙarƙashin hamada da aka soma a 1984. Ɗakunan kwano, da amalanke, da shanun huɗa da yawa a Mayahi da Tasawa, gumin Libiya ne. Amma yaƙi ya tashi a Fabrairu 2011, aka kashe Gaddafi a Oktoba. Ƴan Nijar dubbai bisa dubbai suka komo ta Dirku hannu wofi. Wasu ma an kama su, an ce sojojin haya ne, don kawai fatarsu baƙa ce. Daga baya ƙasar ta rabu biyu, gwamnati a Turabulus, wata a gabas, kuma kowane gari da nasa masu bindiga.

Ya bi ta Damagaram da Tanut ya isa Agadas. A lokacin ana aiki da dokar nan ta 2015 mai hana safarar baƙin haure, saboda haka direbobi suna kauce wa babbar hanya da rijiyoyinta. Ya yi fiye da mako guda a bayan Hilux, yana riƙe da sanda tsakanin ƙafafu, da jarkar ruwa. Allah ya kai su Gatrun, sannan Sabha.

A Sabha ya buga lambar da aka ba shi. Ba ta shiga ba. Ya buga har kwana uku. Ƴan garinsu da ya tarar suka ce ya huta, ba shi ne na farko ba. Kamfanin yana cikin salular ɗan kamasho kawai.

To, ga yadda ake samun aiki a can, don wanda bai taɓa zuwa ba ya sani. Da asuba maza suke jeruwa a shataletale ko gindin gada. Kowa ya ajiye kayan sana'arsa gabansa: shebur, diga, guduma, burushin fenti. Mai mota ya tsaya, ya ɗaga yatsu uku, mutum ashirin su ruga. Babu takarda, babu shaida. Da marece mai aikin yana iya biya. Yana iya cewa gobe. Wani bindiga zai nuna maka. Wanda ya shiga ƙasa ba da takardu ba kuwa ba ya kai ƙara, don shi za a fara kullewa. Aikin da ke da ɗan tabbas ta hannun ɗan gari yake zuwa. Mutum ya daɗe da maigidansa, wanda suke kira mudir, sun saba, sai ya kawo ɗan'uwansa. Haka aka yi da mutuminmu. Wani ɗan Urafan ya kai shi Turabulus a farkon 2019, ya sa shi aikin kwaɓa siminti wurin wani ɗan kwangila.

Bai cika wata uku ba, ranar 4 ga Afrilu 2019, sojojin Halifa Haftar suka nufo Turabulus daga gabas. Kudancin birnin ya zama fagen fama. Ɗan kwangilar yana da wurin ajiya a wannan sashen, da siminti da rodi da injuna. Masu gadinsa suka gudu. Sai ya ce duk wanda zai kwana a wurin zai ninka masa albashi.

A nan ya kamata a tsaya. A ƙasar yaƙi, in ka ji albashi ya ninka dare ɗaya, ba aikin ne ya ƙaru ba. Mai yinsa ne ya gudu, ko ya mutu. Kuma ba a Libiya aka fara ba. Bayan Amurka ta shiga Iraki a 2003, kamfanonin da ke yi wa sojojinta kwangila sun ɗebo masu gadi daga Yuganda, masu dafuwa da wanki daga Indiya da Nefal da Filifin. Talaka ne yake karɓar haɗari da araha.

Mutuminmu ya tuna gonar gabas, ya karɓa. Wata bakwai yana kwana cikin kwantena, yana jin jirage marasa matuƙi suna yawo sama. A daren 2 ga Yuli aka jefa bom a gidan da ake tsare baƙi a Tajura, mutum 53 suka mutu. Ranar 18 ga Nuwamba aka kai hari kan wata masana'antar biskit a Wadi Rabi, kudu da birnin. Ma'aikata suka mutu, wajen talatin suka ji rauni, cikinsu har da ƴan Nijar. Ba sojoji ba ne. Masu aikin albashi ne kamarsa.

A makon nan ya je wurin mudir ya ce zai tafi, a ba shi kuɗinsa na wata huɗu da suka taru. Mudir ya ce shi ma ba a biya shi ba, ya dawo in yaƙi ya ƙare. Babu inda aka rubuta ko dinari ɗaya.

Wanda ya karɓa ma bai kai yadda ya lissafa ba. Kuɗin gida ta hannun ƴan kasuwa ake aika shi: ka ba da dinari a can, iyalinka su karɓi sefa a Tasawa ko Maraɗi, a cire lada. Dinarin kuma ya faɗi. Kafin 2011 dalar Amurka ɗaya ba ta kai dinari ɗaya da rabi ba. A Janairu 2021 bankin ƙasar ya maida ta dinari 4.48, a kasuwar bayan fage kuwa ta riga ta wuce haka tun tuni.

Ya koma Sabha yana ban ruwa a garka. Cutar korona ta sa aka rufe iyakoki a Maris 2020. Bai ga gida ba sai 2021. Ya tarar an yi wa mahaifinsa rasuwa da wata takwas. Gonar gabas ta yi damana uku a hannun ɗan kasuwa. Sai a 2022 ya fanso ta, bayan maiɗakinsa ta sayar da awakinta huɗu.

Abubuwa sun canza daga baya. An tsagaita wuta a Oktoba 2020. A Nuwamba 2021 Nijar da Libiya suka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta hanyar hukuma. A Nuwamba 2023 aka soke dokar 2015, motoci suka koma fita Agadas a fili. Amma faɗa ya sake ɓarkewa cikin Turabulus a 2022 da 2023 da Mayu 2025, kuma a Janairu 2025 Libiya ta koro ƴan Nijar fiye da 600 zuwa Dirku. Dokar aiki ta ƙasarmu ta ce kwantaragin da zai raba mutum da garinsu a rubuce ake yinsa. Kamfanin gaskiya ba ya jin tsoron a kai takardarsa hukumar samar da aikin yi, ANPE, a duba.

Kwanan baya ƙanensa, autan gidan, ya same shi a zauren nan.

"Yaya, ni ma ina son in tafi."

"Wurin wa?"

Yaron ya faɗi sunan wani ɗan garinsu da ya shekara shida yana aiki da mudir ɗaya.

"Wannan na san ubansa. Ka kira shi gabana, in ji daga bakinsa. Ka tafi da katinka na ɗan ƙasa. Ka riƙa karɓar kuɗinka duk ƙarshen wata, kada ka bari su taru. In an ce za a ninka maka, ka tambayi ina wanda ka gada yake."

"Kuɗin mota fa, Yaya?"

"Gona dai ba a taɓa ta. Kana da raguna."

Ragunan biyu suna nan ɗaure a turke, ana ba su harawa da dussa. Kasuwarsu sai gab da Layya.