Wasan Taki a Kan Gilashi

A Birniwa ta ƙuruciyarmu, hunturu lokacin hutun yara ne. Gero ya shiga rumbu, riɗi ya tafi kasuwa, ba mu da aikin da ya wuce makarantar allo da jiran kukan jirgin ƙasan da ke bi ta garinmu daga Kano zuwa Nguru. Zaman banza kuwa ba ya rasa haifar da wasa.

Kawunmu yana noman rani a fadamar kogin Hadejia, saboda haka zaurensa ba ya rabuwa da ragowar buhun takin yuriya. Mukan faki idonsa mu ɗebi tafi guda, mu zuba a gwangwanin madara, mu ɗiga ruwa mu dama da tsinke. Nan take gwangwanin ya ɗauki sanyi har yatsu su ji. Sai mu shafa ruwan a kan fasasshen gilashin taga, mu ɗora bisa katanga. Kafin kiran azahar ruwa ya tafi, ya bar fararen tsiraye sirara masu ƙyalli, sun taso daga gefe suna rassa zuwa tsakiya.

Yayarmu ce ta zo da dabarar da ta fi ta kowa. Takan rubuta sunanta a gilashin da guntun kyandir kafin a shafa ruwan. Ruwa ya guji kakin, ya kwanta inda babu shi, suna ya fito raɗau a tsakiyar fari. Ranar da Kawu ya kama mu, cewa ya yi, "Kai 'ya'yan nan, takin da na sayo da gumina ne abin zanenku?" Yaya ta ce, "Kawu, yi haƙuri, kaɗan ne fa." Ya daɗe yana juya gilashin a rana kafin ya miƙo mata. Da damina wasan ba ya yiwuwa, don takin yana shan danshin iska, ya ƙi bushewa.

Sai a jami'a na ji cewa yuriya tana cikin abubuwan da ke iya sauya launin haske mai ƙarfi. A 1961, shekara ɗaya bayan ƙera leza ta farko, Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka harba jan hasken leza cikin farin dutse mai kama da gilashi, wani ɓangarensa ya fito da rabin tsawon zangonsa. Haka koriyar lezar hannu take aiki: hasken da ido ba ya gani, mai zangon nanomita 1064, yana ratsa wani ɗan ƙanƙanin dutse ya koma 532, wato kore. A Livermore ta jihar Kalifoniya ma, inda ake haɗa hasken leza 192 wuri guda, ana sauya launin hasken da manyan duwatsun da aka rena cikin tankin ruwa daga KDP, sinadarin da shi ma taki ne a wurin manoma.

Masu ƙera na'urorin sadarwa ta haske ba katon dutse suke so ba. Shimfiɗa suke nema wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma a inda suka zana kaɗai. Sukan ɗiga narkakken sinadarin a kan gilashi, inji ya juya shi sau dubbai a minti ɗaya har ya baje. Wani lokaci kuma su fara shafa wa wasu wuraren abin da ke korar ruwa, dabarar kyandir ɗin Yaya ke nan.

Inda suka bar mu shi ne jeri. Dole ƙwayoyin sinadarin su tsaya kamar sahun masallata, kowa ya fuskanci gefe guda. In suka juya barkatai, aikin wannan ya soke na wancan. Don haka ake auna zafi, da danshi, da saurin bushewa, abubuwan da mu iska muke bar wa.

Rabin sana'ar dai mun riƙe tun ba mu san tana da suna ba. Sauran rabin awo ne da haƙuri, kuma yaran Birniwa na yau ba sai sun yi nisa ba kafin su koye shi, tunda ga jami'a a Dutse, ga wata a Kafin Hausa.