Rigar da ban cire masa ba

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, mu manoman lambu na Aljirif ta Yamma, a bakin Shuɗin Nilu, mun ɗauki malatiyon abokin aiki. Da shi muke tsare lalo da kuɓewa daga ƙwari kafin a kai su kasuwannin Khartum da Omdurman. Yana aiki, ba na musu. Amma sabo ya sa na daina jin tsoronsa, har na ɗora wa ɗan ƙanwata famfon feshi da tsakar rana, ba safar hannu, ba abin rufe hanci.

Murfin famfon yana yoyo, na kuma sani. Ruwan maganin ya jiƙa masa riga tun daga kafaɗa har ƙugu, ya gauraya da gumi. Can wajen la'asar ya ce, "Kawu, jiri nake ji." Sai yawu ya fara dalala, ga amai, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura.

A nan na tafka babban kuskuren. Na kwantar da shi a inuwa, na ɗura masa madara kamar yadda muka gada, na bar masa jiƙaƙƙiyar rigar a jiki. Ni a tunanina guba sai ta baki take shiga. Ashe irin wannan magani, dangin fiya-fiyar da ake sayarwa a Kano, fata ma ƙofa ce a gare shi, kuma zafi da gumi suna ƙara masa hanya. Yana hana jijiyoyi hutawa har numfashi ya gagara. Madara ba ta karya shi, tana iya ma shaƙe wanda hankalinsa ya fara gushewa.

A asibiti abin da aka fara yi shi ne tuɓe rigar da wanke shi da ruwa da sabulu, sannan allurar atrofin. Likita ta ce, "Baba, ina kwalbar maganin?" Na sunkuyar da kai, domin na juye shi a robar ruwan sha marar rubutu. Allah Ya sa yaron ya tashi.

'Yan uwa masu lambu, ku yi feshi da sanyin safiya, iska na bayanku, ku jira kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin ku tsinki ganye. Idan magani ya zube wa mutum, a tuɓe shi, a wanke shi, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu.